Kwashe Tsofaffin Littattafai Ko Ɗaukar Hotonsu?

Masu kula da tsofaffin rubuce-rubucen hannu sukan tambaya: a kwashe su daga wurin haɗari ne, ko a ɗauki hotonsu a adana a kwamfuta?

Kwashewa tana ceton takardar kanta, kamar yadda mutanen Timbuktu suka kai dubban littattafai Bamako a ɓoye a 2012, amma hanya akwai haɗari, kuma danshin Bamako ya zama barazana ga takardun da suka saba da bushewar Sahara. Ɗaukar hoto yana cin lokaci da kuɗi, kuma kalmomi kaɗai yake ceto. Tawada da bangon fata, waɗanda rashinsu yake damuna ƙwarai, wuta tana iya cinye su.

Kwashewa ta dace da wanda yaƙi ya iso ƙofarsa, hoto kuwa da wanda yake da sauran lokaci.