Shagon da ya juye mana kasetin Kawu zuwa memori

Ga masu tsofaffin kaset a ƙasan akwati, akwai wani ɗan shago gefen babbar kasuwar Maraɗi da ke juye su zuwa memori. Daga waje shagon cajin waya ne da tura waƙoƙi. Sai ka shiga za ka ga tsohuwar rakoda haɗe da kwamfuta. Jikka guda yake karɓa a kowane kaset.

Namu na Kawu ne, wan mahaifiyata, mutumin Jibiya da ya yi sojan sama a Najeriya, yanzu yana zaune wajen 'yarsa a unguwar Zariya ta nan Maraɗi. Yayana ne ya naɗi hirarsa tun yana da ƙarfin murya. Zafi ya sa zaren wasu ya manne, ɗaya kuma ya tsinke. A gabana mai shagon ya kwance sukurorin, ya ɗauke zaren ya mayar cikin wani gidan kaset, ya liƙe tsinkin, ya naɗe da biro a hankali. Ya ce mini, "Hajiya, wannan aiki ba ya son gaggawa. Kaset mai minti 90, minti 90 zai ci, in wuta ta ɗauke kuma sai an koma farko." Haka kuwa aka yi, ranar alkawari ta wuce bai gama ba.

Amma da na saurara na yafe masa jinkirin. Muryar ta fito fes. Kawu yana ba da labarin Kaduna, inda Jamusawa suka horar da su bayan an kafa rundunar a 1964, shugabanta na farko ma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. A jirgin koyo Piaggio 149 suka fara, malami na zaune gefenka. Kafin ka taɓa komai sai ka zagaya jirgin ka duba mai, tayoyi da fukafukai, ka karanto jerin abubuwan dubawa da ka. Ya ce waɗanda suka yi makarantar allo sun fi kowa saurin haddar nan, yana faɗa yana dariya. Da hunturu, in hazo ya rufe ƙasa, layin dogo suke nema su bi shi, Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano. Ranar da malamin ya sauka ya ce ya tashi shi kaɗai, wai sai da ya lula sama ya lura yana ta karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi a rediyo, ma'aikatan hasumiya na jin sa.

Jamusawa suka tafi a 1966, yaƙin basasar Najeriya (yaƙin Biyafara) ya ɓarke a watan Yulin 1967. Daga nan labarin ya canza. Jiragen MiG-17 na Rasha suka sauka Kano, ga L-29 na Cekoslobakiya, ga matuƙa daga Masar. Horon da ake yi a natse ya koma na sauri-sauri. Shi bai hau jet ba, jirgin ɗaukar kaya Dakota aka ba su, suna kai sojoji da kaya fagen daga, su dawo da masu rauni. Ya yi maganar Kanar Shittu Alao, shugabansu da ya rasu a hatsarin L-29 a Oktoban 1969.

A nan na fi yaba wa mai shagon. Akwai inda yayana ya tambayi Kawu batun bama-baman da aka jefa wa garuruwa, sai ya yi shiru mai tsawo, ba ka jin komai sai kukan akuya da ƙarar tabarya, daga baya ya ce, "Bar wannan, ɗana." Mai shagon ya ce yakan yanke irin wuraren don fayil ya rage nauyi, amma da ya ji tambayar sai ya bar shi yadda yake. Ashe yana sauraren abin da yake juyewa, ba kunnawa kawai yake ya koma cinikinsa ba.

Inda ya gaza: sunayen fayilolin lambobi ne zalla, ya kuma cakuɗa fuska ta ɗaya da ta biyu, har yaƙi ya riga horo zuwa. Ni na zauna na sake jera su. A kaset guda ya matsa wajen rage shuuu ɗin nan, muryar ta koma kamar daga cikin tulu take fitowa. Na mayar, ya sake ba tare da ƙarin kuɗi ba.

In za ku kai naku, ku rubuta lamba a kowace fuska tun daga gida, ku tafi da memorinku sabo, ku ce ya ba ku iri biyu: MP3 na turawa ta WhatsApp, da babban na ajiya wanda bai taɓa ba. Kasetin kuma ku karɓo abinku. Mu mun tura wa dangi na Katsina da Jibiya, Kawu kuwa da aka kunna masa cewa ya yi yayana ya bar kaset ɗaya bai kawo ba, na zamansu a Makurɗi, yanzu shi ake nema.