SuperPro Designer: manhajar da ke saukaka tsarin farko na tace furotin

Duk injiniyan da ya taɓa lissafin yadda za a ware furotin ɗin magani daga ruwan da aka reni ƙwayoyin halitta a cikinsa ya san cewa matakan tacewa su ne ke cinye lokaci da kuɗi. A nan ne SuperPro Designer, manhajar kamfanin Intelligen na Amurka, ta burge ni, domin lissafin da kan ɗauki makwanni a Excel tana kammala shi cikin 'yan kwanaki.

Mutum zai jera matakan a fuskar kwamfuta kamar yadda za su kasance a masana'anta, daga injin da ke juyawa ya ware ƙwayoyin, zuwa matata, zuwa bututun kiromatogirafi (bututun da ake cikawa da rezin, wato ƙananan ƙwayoyin da ke kama furotin ɗin da ake so yayin da sauran abubuwa ke wucewa), sannan manhajar ta fitar da abin da ya shiga da abin da ya fita a kowane mataki, da girman na'urorin, da ƙiyasin kuɗin. Na gwada ta da tanki mai lita 2,000 da ke ba da giram 5 na furotin a kowace lita, wato kilo 10. Idan litar rezin ɗin Protein A, irin da ke kama antibodi (furotin ɗin garkuwar jiki), tana kama giram 40, ana buƙatar rezin lita 250 a zagaye ɗaya, ko lita 50 idan an raba aikin zuwa zagaye biyar. Da na ƙara adadin zagayen, nan take na ga kuɗin rezin ya faɗi, amma lokacin aikin ya ƙaru, jadawalin ya nuna inda cunkoso zai taru. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawan ruwan bafa (ruwan sinadari mai daidaita tsami da ake wanke bututun da shi), wanda sau da yawa ake mantawa da tankunansa har sai an zo zanen gini.

Sai dai wajibi ne mai saye ya san iyakarta. Ba ta hasashen yadda furotin zai kama rezin. Kai ne za ka ba ta ƙarfin kamawar da kason da za a samu, kuma waɗannan alƙaluma daga ɗakin gwaji suke fitowa. Wanda ke son ganin abin da ke gudana a cikin bututun sai ya haɗa da irin CADET, manhajar kyauta ta cibiyar bincike ta Jülich a Jamus.

Koyonta yana buƙatar haƙuri, kuma a Windows take aiki. Misalan da ke zuwa tare da ita, kamar na insulin da na antibodi, su suka fi taimaka mini, don haka nake shawartar sabon shiga ya fara buɗe ɗaya daga cikinsu ya riƙa sauya alƙaluman kafin ya zana nasa.