Na biya mai ƙiyasta gwal a Hong Kong ya duba mana sandar da Baba ya bari

Tauraro huɗu cikin biyar zan ba mutumin nan, kodayake akwai ranakun da nake jin uku ma sun yi masa yawa. Mai ƙiyasta tsofaffin kuɗi da sandunan gwal ne, yana zaune a Hong Kong, ta intanet yake aiki. Ka biya, ka tura hotuna da nauyi da awon tsawo da faɗi, ya aiko maka da rahoto. Abin da ya kai ni wurinsa wata sandar gwal ce da muka samu a akwatin marigayi mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Ɗan kasuwa ne da ya yi zirga-zirgar Hong Kong a shekarun 1980, lokacin da 'yan Kano ke sarin agogo da yadi daga can. Sandar ba ta kai tafin hannu ba, jikinta duk rubutun Sinanci ne da babu mai iya karantawa a gidanmu.

Kafin in san da shi, ƙanena ya riga ya kai ta wurin wani mai gwal a kasuwa don a san abin da za a sa a lissafin gado. A nan ne aka yi mana ɓarnar da har gobe ba ta bar raina ba. Mutumin ya ɗora a sikeli, ya goga a dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, duk wannan babu laifi. Sai kawai ya ɗauko magagari ya ƙwaƙule gefenta, wai yana so ya ga ciki, bai ko tambaya ba. Kuma bai tashi yanka ba sai daidai bakin hatimi. Da yaron ya yi magana, cewa ya yi: "Haba ɗan'uwa, gwal ai gwal ne, narka shi za a yi." Ya buga kuɗin giram, ya zabge nasa kason, ya ce a kawo. Na fahimci tsoronsa, don akwai masu cusa ƙarfen tangistan a cikin sanda, nauyinsa kuwa kusan ɗaya yake da na gwal, kuma na'urar haskawa da wasu ke da ita fatar sama kawai take karantawa. Amma akwai gwajin sauti da ke leƙa ciki ba tare da an taɓa kayan ba. In ba ka da shi, sai ka ce ba ka da shi. Ba ka yanka kayan marayu ba.

To, rahoton Hong Kong ɗin ne ya fara sanyaya mini zuciya. Abu na farko da ya kama shi ne nauyi. Sikelinmu ya nuna giram 187 da ɗan ɗoriya, ya ce wannan tayel biyar ne cif na awon Hong Kong, inda tayel ɗaya yake giram 37.429. Tsarkinta kashi 99 cikin ɗari, wanda shi ne mizanin da aka yi ciniki da shi a tsohuwar kasuwar gwal da azurfa ta birnin, wadda aka kafa tun 1910. Ya karanta hatimin, ya ce na bankin Po Sang ne, ɗaya daga cikin masu tace gwal da kasuwar ta amince da su, kuma tun 2001 babu banki mai wannan suna, ya koma Bank of China na Hong Kong. Wallahi da na karanta wa Hajiya wannan sashe, sai da ta yi shiru, don ita duk tsawon shekarun nan ta ɗauka daga Makka ya zo da ita.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai yi mini romon baka ba. Na riga na shiga shafukan gidajen gwanjo irin su Stack's Bowers da Spink, na ga sandunan Sin da aka sayar sama da kuɗin gwal ɗinsu nesa ba kusa ba, har na fara lissafin fili. Ya fito ƙarara ya ce waɗancan daban ne. Yawancinsu na ma'aikatar buga kuɗi ta gwamnatin Sin ne a ƙarshen shekarun 1940, kafin gwamnatin ta tsere Taiwan a 1949, wasu da hoton Sun Yat-sen da lambar kowace sanda. Su da tayel mai giram 31.25 aka auna su, shi ya sa mai tayel biyar a cikinsu ba ta wuce giram 156 da ɗan kai ba. Sikeli kaɗai ya isa ya raba tamu da su. Tamu sandar ciniki ce, an buga irinta da yawa, ƙarin da masu tara kayan tarihi za su ba da a kan kuɗin gwal ɗinta matsakaici ne, kuma ya dogara ga tsabtar hatimi da rashin tabo. Ya gargaɗe ni kada a wanke ta, kada a goge ta da komai, duhun tsufan nan ma yana cikin abin da ake saye.

Rashin tabo! Nan fa magagarin nan ya dawo. A rahoton ya rubuta cewa yankan ya cinye mafi yawan ƙarin da za a samu, don mai tarawa ba ya son hatimin da aka ji wa rauni. Wato ɗan ƙurar gwal ɗin da ya zube a teburin mai shago ba komai ba ne a kan abin da ya tafi da shi.

Daga nan kuma na fara jin haushin shi kansa mai ƙiyastawar. Bayan duk bayanin nan mai daɗi, a ƙasan takardar da ƙananan haruffa ya sa cewa ba ya tabbatar da ingancin kaya ta hoto, sai an kai masa hannu da hannu, ko a tura wa kamfanonin tantancewa irin su PCGS. Me ya hana a faɗi wannan kafin in biya? Kuma da na tambaye shi yadda mutum zai fitar da gwal daga Najeriya bisa ƙa'ida, da inshora, da kason da gidan gwanjo ke cira, sai amsa ta yi ta jan ƙafa, da ta zo kuma layi biyu ce: wannan ba aikinsa ba ne. Ga magada suna jira, yayata tana kira kullum tana cewa a sayar a huta. Ga batun zakka, tunda sandar ta ninka nisabin giram 85 har sau biyu da rara. Malamin da ke raba mana gadon ma ya ja kunnena cewa cinikin gwal da kuɗi hannu da hannu ake yi, gwanjo kuwa sai an sayar a ɗauki lokaci kafin a biya ka, don haka sai an zauna an duba wannan ma.

Wanda yake da sanda mai rubutun Sinanci ko na Biyetnam, kuma babu wanda ya taɓa ta, kuɗin rahoton ba asara ba ne, ya biya tun kafin ya bi ta kasuwa. Mu dai da muka lissafa jigila da inshora da kason gwanjo a kan ɗan ƙarin da ya rage, babu riba a tura ta. Mun yanke cewa ni zan saye kason 'yan'uwana a farashin giram na ranar da za a raba, in ɗora musu wani abu a kai bisa ƙiyasin rahoton. Yaya ta yarda, ƙanena har yanzu yana ganin kamar na san wani abu da ban faɗa musu ba.