Hattara da masu yawo da tayin zuba kankaren hanyar mota a cikin gida

Salam jama'a, don Allah duk wanda ya gama gini yake shirin zuba kankare daga bakin get zuwa inda zai riƙa ajiye mota ya karanta wannan kafin ya ba kowa ko sisi. Akwai wasu mutane da suke zagaya sababbin unguwanni, in suka hango gida an sa get amma tsakar gidan har yanzu jar ƙasa ce sai su ƙwanƙwasa, su ce wai sun gama wani babban aiki ne nan kusa kaya sun yi saura, siminti da yashi da tsakuwa, oga ya ce a karyar kawai. Farashin da za su faɗa maka ko rabin na birkilan unguwarku bai kai ba, sharaɗin dai ka ba da kafin alƙalami yau yau ɗin nan don wai tifa na jira. Wani maƙwabcinmu haka suka yi masa, aikin ko damina ɗaya bai gani ba ya fara tsagewa, yanzu duk inda tayar mota take bi ya lotsa, lambar wayarsu kuma tun ranar da suka karɓi cikon kuɗi take a kashe.

Ba wai guduwa suke da kuɗin ba fa, wannan ai tsohon yayi ne. Aikin za su yi maka a gabanka har ka sa musu albarka, cutar a cikin kauri take. Kankaren da ƙaramar mota za ta riƙa hawa bai kamata ya gaza inci 4 ba, in kuma tankar ruwa ko tifa za ta riƙa shigowa to inci 6 ake so har da rodi. Su sai su kafa katakon gefe inci 4 cif, ka zo ka auna ka ga daidai, amma tsakiyar filin sun tula ƙasa sun yi mata tudu, abin da zai hau kai da ƙyar ya kai inci 2. In an shafe sama wa zai gane? Ita ƙasar ma ba su daddage ta ba, ba ruwa ba injin dannawa, watsa ta kawai aka yi da shebur, shi ya sa ruwan sama na farko in ya shiga ƙarƙashi sai wurin ya zauna.

Ga lissafin da nake so kowa ya riƙe, ba sai ka yi karatun injiniya ba. Haɗin da aka sani shi ne 1:2:4, wato buhun siminti ɗaya mai kilo 50, kwanon sarki 4 na yashi, kwano 8 na tsakuwa. Da wannan haɗin, in kaurin inci 4 ne, duk murabba'in mita 10 yana cin buhu 6 ko ɗan fiye. To filin da yake mita 5 a faɗi mita 10 a tsawo kenan buhu 30 zuwa sama. Wanda ya rage kauri zuwa inci 2 ya kuma cika yashi a haɗin, da buhu 12 zai rufe maka wurin nan tas. Sauran buhu 18 ɗin fa? Nan arahar ta fito, har da ribarsa a ciki. Tun farkon 2024 da buhu ya haura naira dubu 10 kowa ya san siminti ba abin da ake samun ragowarsa a yi kyauta da shi ba ne, ko na Dangote ko BUA ko Ashaka kusan kuɗinsu ɗaya, to ta ina shi ya samo nasa a rabin farashi in ba buhun da aka farke aka rage aka sake ɗinkewa ba, ko wanda ya sha sanyi ya fara dunƙulewa.

Sai maganar ruwa, leburori suna son kwaɓi ya yi ruwa ruwa don ya fi sauƙin bajewa, alhali yawan ruwa kashe ƙarfin kankare yake. Daga ƙarshe su dama zallar siminti su kwara a sama su goge da cokali ya yi santsi yana ƙyalli, maigida ya fito yana murna yana ɗaukar hoto. Wannan fatar ce kawai, wata biyu za ta fara ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, ga sulɓi in an yi ruwa, tsofaffi da yara su yi ta faɗuwa. Ba sa yanka layi kuma, alhali ana so a raba shi duk bayan kamar mita 3 saboda in zafin rana ya sa shi motsi ya tsage a kan layin ba ko'ina ba. Gangara ma babu ruwansu, na maƙwabcin nan ruwa wajen ƙofar falo yake komawa maimakon ya fita kwata.

Ni dai shawarata ka sayi kayanka da kanka a shagon da ka sani, kuɗin hannu kaɗai za ku yi ciniki. Kafin a zuba ka ja igiya daga wannan katako zuwa wancan ka sa tef a tsakiya ka ga zurfin da idonka, wuri uku ko huɗu. Ranar zubi ka zauna a wurin ko ka ajiye ɗan'uwa, a riƙa ƙirga buhu ana tara fankon a gefe. Kar ka biya cikon kuɗi sai an yi kwana 7 ana ba shi ruwa safe da yamma, kuma duk wanda ya ce maka gobe ma ka shigo da mota ƙarya yake, kankare sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, ƙaramar mota ma a bari ya yi sati tukuna. In mutum ya ce shi gwani ne ya kai ka gidan da ya yi wa aiki shekara biyu da suka wuce ka gaisa da mai gidan, waɗannan da nake faɗa hotuna kawai suke nunawa a waya, kuma da ka ce a je a gani sai su ce ai maigidan ya yi tafiya.