Sharhi a kan osiletar Doepfer A-110-1 daga wani situdiyo a Agege

Duk mai haɗa kiɗa a Legas da ke son fara tara sintesaiza irin ta gunduwa-gunduwa, wadda ake jona sassanta da wayoyi, ina ba shi shawarar ya fara da Doepfer A-110-1. Na daɗe ina aiki da ita a ɗan situdiyona da ke Agege, inda yawancin aikina waƙoƙin biki ne da tallan rediyo. Don kaurin bes na saye ta, amma abin da ya riƙe ni shi ne yadda take yarda ta bi muryar kayan kiɗanmu na gargajiya.

Osileta ita ce tushen sauti a wannan na'ura, masu harkar suna ce mata VCO. Ƙarfin lantarkin da ka tura mata shi ke yanke mata muryar da za ta yi. Dokar ita ce bolt ɗaya oktaf ɗaya (oktaf shi ne tazarar da murya ke ninka kanta), tsarin da Robert Moog ya yaɗa a Amurka tun shekarun 1960. Idan tana kuka a kan hertz 440, wato kaɗawa 440 a daƙiƙa, ka ƙara mata bolt ɗaya, sai ta koma 880. Tazarar maɓalli ɗaya na kibod zuwa na kusa da shi kuwa kashi ɗaya ne cikin 12 na bolt, wajen milibolt 83. Dieter Doepfer ya fito da tsarinsa na A-100 a Jamus a tsakiyar shekarun 1990, shi ne ya zama Eurorack da kamfanoni da yawa ke bi yanzu. Faɗin wannan osileta HP 10 ne a ma'aunin faɗi na Eurorack, kusan santimita biyar.

Fuskarta ba ta da ruɗani. Akwai makunni mai matakai biyar na sauya oktaf, da abin murɗawa na daidaita murya, da kafofin shigar lantarki, sai kafofin fita guda huɗu, kowacce da siffar igiyar sautin da take fitarwa. Haƙorin zarto shi ne gwarzonta: yana da kaifi da cika, idan ka bi da shi ta filta, wato matatar sauti, ka rage masa sama, bes ɗin da yake bayarwa yana zama daram a ƙarƙashin ganga ba ya cinye muryar mawaƙi. Mai murabba'i kuma idan ka sa wata osileta mai tafiyar hawainiya tana matse faɗinsa tana saki, sai ka ji kamar kayan kiɗa biyu ne ke tafiya tare. Mai kusurwa uku nake ɗauka in ina son abu mai laushi kusa da sarewa. Na huɗun, mai santsi, ban cika taɓa shi ba.

Inda na fi ganin darajarta shi ne ranar da wani dattijo mai goge, wanda ke wasa a bukukuwan Hausawan Agege da Idi-Araba, ya zo ɗaukar waƙa. Goge tsirkiya ɗaya gare shi, kuma mai shi yana ɗaure ta ne daidai da maƙogwaronsa, ba ruwansa da abin da kibod ya ce. Na buga masa kibod, ya saurara, ya girgiza kai.

"Yaro, wannan abin naka ko dai ya wuce ni ko ya gaza ni," in ji shi.

Na ce, "Baba, ja mini tsirkiyar kawai, kada ka taɓa ta da yatsa."

Ya ja. Na riƙe abin murɗawar ina juya shi a hankali. Da farko sautukan biyu suna karo, kana jin wani kaɗawa yana wau-wau-wau da sauri. Ina matsowa kaɗawar tana raguwa, tana ja da tsawo, har ta ɗauke gaba ɗaya, suka zama murya ɗaya. Daga nan na saita sikwensa, na'urar da ke jera muryoyi bi da bi, da kunne, murya biyar da yake zagayawa a kansu, kowacce na bar ta inda yatsansa ke sauka. Biyu daga ciki sun faɗa ne a tsakanin maɓallan kibod. Ya ce, "Yauwa, yanzu ya san gida." Kuma da yake lantarki ne ke jan muryar, tana iya zamewa daga wannan zuwa waccan ba tare da tsalle ba, kamar yadda mai kalangu ke matse igiyoyi a hammata muryar ta hau, ya saki ta sauko. Abin yana yi mini ciwo in ji an ɗauko waƙar gargajiya an danne ta da manhajar gyaran murya har ta rasa lanƙwasarta, alhali ga kayan aikin da zai bi ta yadda take.

Sai dai a san halin analog. Zafi yana taɓa tiransistocin da ke juya bolt zuwa murya, don haka in ka kunna sai ka ba ta kamar minti ashirin ta ɗumama kafin ka daidaita. Duk osileta irin wannan haka take. A Legas kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da zarar an ɗauke wuta aka tayar da janareta, ka koma farko, ga mawaƙi zaune yana duba agogo yana tunanin cunkoson hanyar Oshodi. Dole ta sa na ɗora akwatin a kan inbata shi kaɗai. Na kuma lura in na'urar sanyaya ɗaki ta mutu ɗakin ya ɗau zafi, sai na ɗan sake taɓa ta. Amma da ta zauna, tana riƙe muryarta har a gama aiki.

Na gwada ta da wata osileta mai araha da na saya hannu na biyu, wadda ba zan kira sunan kamfaninta ba. Waccan in ka daidaita ta a ƙasa, kafin ka hau oktaf uku ta riga ta kauce, kunne ma yana kamawa. Na kai ta wurin wani mai gyara ɗan Kano a Computer Village ta Ikeja, ya sa mita ya murɗa ƙananan sukurorin saiti da ke bayanta. Ya ce, "Oga, na yi iya yina, amma kayan cikin ne ba su da kyau." Ta ɗan gyaru, ba ta kai ba. A-110-1 kuwa a iya faɗin da nake aiki, daga bes zuwa muryar sarewa, ba ta ba ni wannan wahalar ba.

Wanda yake son sautuka iri-iri a wuri ɗaya, Plaits ta Mutable Instruments za ta fi yi masa. Ta dijital ce, Émilie Gillet ta ƙera ta a Faransa, ta fito a 2018 da salon sauti 16, ba ta neman dogon ɗumi, kuma ita ma tana bin bolt ɗaya oktaf ɗaya. Kamfanin ya rufe a 2022, amma da yake an saki zanenta ga kowa, wasu na ci gaba da ƙera irinta. Ni dai na fi son wadda kowane abin murɗawa aiki ɗaya yake yi, hannuna ya san inda zai je ko ban duba ba.

Maganar kuɗi sai an shirya. Daga waje aka zo mini da tawa, kuma tun da aka saki naira a 2023 duk abin da ake biya da yuro ya yi nauyi. Osileta ita kaɗai ba ta yin shiru, kuka take yi ba tsayawa, sai ka haɗa mata VCA mai buɗe ƙarar sauti da rufe ta, da enbulof mai tsara tashin sautin da saukarsa, da filta, da akwati mai ba da bolt 12 na sama da na ƙasa, wato +12 da -12. Wajen jona faffaɗar wayar wuta a lura da jan layin da ke gefenta, ɓangaren -12 yake nufi, in aka juya shi ana iya ƙona na'ura. Da damina kuma danshin Legas yana shiga kafofin har su fara ƙarar ƙas-ƙas, shi ya sa nake rufe akwatin in an tashi aiki, in jefa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi.