Sharhi: Na Aika Toman na Zinare Wurin Masu Tantancewa

Mai sha'awar tsofaffin tsabar zinare na Farisa (Iran ta yau) ya san inda kuɗi ke zubewa: bugun gwaji, wato 'yan ƙwayoyin da gidan buga kuɗi ke fitarwa don a duba zane kafin a amince da shi, ba don su shiga kasuwa ba. Da zarar dillali ya ce "gwaji ne", farashi ya tashi. Shi ya sa na aika toman ɗin, wato tsabar zinaren Farisa, da na saya a gwanjon intanet a matsayin bugun gwaji zuwa wani kamfanin tantancewa a Amurka.

Tsabar ta zamanin Nasiruddin Shah ce, sarkin daular Kajar da ya yi mulki daga 1848 zuwa 1896, wanda a lokacinsa aka koma buga kuɗi da inji a Tehran. Toman irin wannan nauyinsa kusan gram 2.87 ne, kashi 90 cikin 100 zinare, kuma shekarar da ke jikinsa ta Hijira ce. Awo kam ba sai na ƙetare teku ba, kowane mai sayar da gwal zai ɗora mini shi a ma'auni. Abin da na biya kuɗi a kai shi ne idon gwani.

A nan sun burge ni. Sun tabbatar ba jabu ba ce, amma sun ƙi rubuta "gwaji" a takardar, sun ce bugun da aka saba kashewa ne. Sun kuma gano tabon walda a gefe, alamar an taɓa rataye ta a sarƙa, abin da ya sami tsabar Kajar da yawa a hannun maƙera. Saboda wannan tabon ba su ba ta maki a ma'auninsu na 1 zuwa 70 ba. Raina bai so ba, amma da na sa madubin ƙara girma, ga tabon nan ƙarara.

Inda na yi ƙorafi shi ne bayani. Layi biyu kawai suka rubuta, babu dalilin da ya sa suka ce ba gwaji ba ce. Ga jira, ga kuɗin inshora da na aikawa, waɗanda suka kusa cinye darajar zinaren.

Tsabar ta dawo a rufe cikin gidan roba mai lamba. Toman na gama-gari ba zan sake aikawa ba. Amma duk wanda zai sayar mini da bugun gwaji, sai ya fara nuna mini irin wannan gidan robar da kalmar a rubuce.