Rediyon Blaupunkt Bremen a Tsohuwar Porsche 911: Yadda Aikin Sabunta Sauti Ya Kaya

Motar da aka yi wa wannan aiki Porsche 911 Carrera ce mai injin lita 3.2, daga jerin waɗanda aka ƙera tsakanin 1984 da 1989. Injinta yana baya, silinda shida gare shi, kuma iska ce take sanyaya shi ba ruwa ba. Da ta shigo hannuna kayan sautinta sun riga sun gaji: kaset yana jan murya, lasifikar ƙofar direba tana karkarwa ko da an rage ƙara, na baya kuwa sun yi shiru. Sharaɗi ɗaya na gindaya wa mai wayarin tun kafin ya ɗauki sukuddireba, wato kada a yanka ko a huda wani abu da ba za a iya mayar da shi yadda yake ba, domin darajar irin wannan mota tana cikin kasancewarta yadda ta fito daga masana'anta, kuma ramin da aka fafe a jikin ƙofa ba ya komawa.

Rediyon da na zaɓa shi ne Blaupunkt Bremen SQR 46 DAB, wanda kamfanin ya fitar a 2019 da siffar rediyonsa na 1986 mai wannan suna. Kamfanin na Jamus ya daɗe a wannan fage, tun 1932 yake ƙera rediyon mota, kuma al'adarsa ce ya raɗa wa rediyoyinsa sunayen birane. Abin da ya ja hankalina shi ne fuskar: baƙa ce, maɓallanta ƙanana masu kusurwa, babu walƙiya babu ado, har wanda bai sani ba zai rantse da motar aka haife shi. Murfin da ke kama da bakin kaset yana ɓoye ramin USB da na katin ajiya, akwai Bluetooth na kiɗa da na amsa kira, sannan ana iya sauya launin hasken allon. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga mai tuƙin dare, domin haske mai shuɗi a tsakiyar agogunan da aka zana shekaru arba'in da suka wuce yana tsone ido. Na duba kuma na'urar PCCM, rediyon zamani da Porsche ta fitar a 2020 domin tsofaffin motocinta, mai allon taɓawa na inci 3.5 da Apple CarPlay, tsarin da ke nuna manhajojin wayar iPhone, har da taswira, a kan allon. Wanda yake buƙatar taswira a gabansa ita ta fi masa. Ni dai allon taɓawa a wannan dashbod bai kwanta mini a rai ba.

Shigar rediyon cikin raminsa bai ɗauki lokaci ba, saboda ramin yana bisa ma'aunin DIN, wato daidaitaccen girman ramin rediyon mota, faɗin milimita 180 da tsayin milimita 50. Masu motocin da suka girmi wannan ma'auni, waɗanda rediyonsu ke da sanduna biyu da ke fitowa ta dashbod, su ne suke shan wahala, haka ma masu tsofaffin motocin Ingila irin MGB ta kafin 1967, waɗanda wayar fozitif ce aka ɗaure a jikin ƙarfensu maimakon nagetif.

Inda aikin ya yi nauyi shi ne bayan dashbod, kuma a nan ne na gane cewa na kai motar hannun wanda ya san sana'arsa. Motocin Jamus da yawa na wancan zamani suna da wani maɓalli na daban da ke raba sauti tsakanin gaba da baya, kuma lasifikokin sukan yi tarayya a waya ɗaya ta komawa. Tsohon rediyo ba ya damuwa da haka. Rediyon zamani kuwa yana tura wuta ta wayoyi biyun kowace lasifika, saboda haka idan aka haɗa wayoyin komawar wuri ɗaya, amfilifayar cikinsa, wato sashen da ke ƙara ƙarfin sauti, tana iya ƙonewa. Mai wayarin bai yi gaggawar jona sabon rediyo a tsohon layi ba. Ya ja sababbin wayoyi zuwa kowace lasifika, ya bar tsofaffin a inda suke, ya naɗe bakinsu, ya maƙala wa kowace takardar shaida. Maɓallin raba sautin yana nan a mazauninsa ko da yake ba ya aiki yanzu. Ranar da aka so mayar da motar yadda take, aikin yini ɗaya ne.

A kan lasifikoki muka yi saɓani. Shi ya so a faɗaɗa ramin ƙofa a sa manya, yana mai cewa sautin ƙasa, wato sauti mai kauri irin na ganga, zai fi cika, kuma a ilimance gaskiyarsa ce, tunda babbar lasifika tana tura iska fiye da ƙarama. Na ƙi. Muka tsaya a kan masu girman asali, marasa zurfi, yadda gilashin taga zai sauka bai taɓa maganaɗisunsu ba, aka kuma mayar da ragar asali a kansu. Da aka ciro tsofaffin, soson da ke gefen takardarsu ya riga ya zama gari, abin da shi kaɗai ya isa ya bayyana karkarwar da nake ji. Ya manna 'yan faci na roba mai nauyi a cikin ƙarfen ƙofa domin kashe rawar ƙarfen, ba tare da ya lulluɓe ƙofar duka ba, kuma na yaba da wannan, domin mota ce da aka ƙera a kan rashin nauyi, bai dace a loda mata kilo-kilo na roba saboda kiɗa ba.

Akwai wata magana da ya kamata mai niyyar wannan aiki ya riƙe. Adadin wat 50 sau huɗu da ake rubutawa a kwalin yawancin rediyoyin mota ƙololuwa ce ta ɗan lokaci, ƙarfin da suke iya riƙewa a kai a kai kuwa yana kusa da wat 20 ga kowace lasifika. A mota mai shiru wannan ya wadatar. A 911 mai sanyaya da iska, inda fankar injin take kuka a bayan kunnenka kuma babu rigar ruwa da ke danne ƙarar silinda, bai isa ba da zarar an hau babban titi. Ninka ƙarfin wuta sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙarar sauti, kuma kafin kunne ya ji sauti ya ninku sai an ƙara wuta kusan sau goma. Don haka muka ƙara ƙaramar amfilifaya irin ta aji D, wadda ba ta zafi sosai kuma ba ta jan wuta da yawa daga tsohuwar altaneta. An ɗaura ta a but ɗin gaba kusa da batir, tunda a wannan mota batirin yana gaba, wayar wutar ta zama gajeriya, aka sa mata fis dab da kan batirin. An ɗaure ta a kan wani allo da ya hau kusoshin da ke wurin tun asali.

Aikin bai fita babu aibi ba. Ranar da na karɓi motar, ina fita na ji wani siririn fito a cikin lasifikoki, yana hawa idan na taka totur, yana sauka idan na ɗaga ƙafa. Kukan altaneta ne da ya shiga layin sauti, kuma abin da ya ɓata mini rai shi ne an gwada kayan ne injin yana kashe, alhali minti biyar a kan hanya sun isa su tona matsalar. Na mayar da ita. Ya gano cewa ya ɗaure nagetif ɗin amfilifaya a kan ƙarfe mai fenti, rediyon kuma yana ɗaure a wani wuri daban, bambancin da ke tsakanin wuraren biyu shi ya buɗe wa ƙarar hanya. Ya sauya wurin ɗaurin zuwa ƙarfe mai tsabta, ya raba wayar sauti da wayar wuta, fiton ya ɓace. Bai yi gardama ba, bai kuma ɗora laifin a kan tsufan motar ba, amma da ya gwada tun farko da ban yi sahu biyu ba.

Yanzu muryar mai magana a rediyo tana fitowa sarai a gudun tafiya mai nisa, kira ta Bluetooth yana yiwuwa idan tagogi suna rufe, ko da yake wanda ke ɗaya gefen yana jin injin, abin da makirufo ba zai iya magancewa a irin wannan ɗaki ba. Tashoshin DAB kuma, wato na rediyon dijital, sai a ƙasashen da ake watsa su, kuma suna buƙatar eriyar da ta dace da su. Sautin ƙasa mai kauri shi ne ya rage da rauni, kamar yadda mai wayarin ya faɗa tun farko. Ya ba da shawarar ƙaramin akwatin sauti mai faɗi da ake turawa ƙarƙashin kujera, wanda ake iya cirewa duk lokacin da aka so. Ban yanke hukunci a kansa ba tukuna, domin idan allurar injin ta haura juyi 4000 a minti hannuna da kansa yake kaiwa ga maɓalli ya rage rediyon. Tsohon rediyon kaset da lasifikokinsa huɗu suna cikin kwali, tare da zanen wayoyin da na sa ya yi mini kafin in karɓi makulli.